Hoton Yayana da Jiƙaƙƙen Buhu

Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a garinmu, wani ƙauye da ke cikin kwarin Badaguishiri, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta tsayawa ta dube shi ido cikin ido. Kunya ce, haka ta taras ana yi. Da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya shigo gaida Inna sai ta samar wa hannunta aiki, ko tsintar wake ko iza wuta, ta amsa gaisuwar tana kallon ƙasa. In maganarsa ta kama dole sai ta ce "wancan". Ni kuwa auta ne, a kan cinyarta na ci tuwo har na shiga lakwal, makarantar boko, kuma ina jin a nan na samo taurin kan da ya bi ni har girma.

Yayana ya tafi cin rani Abijan tun ina kwaleji. Ya zo gida sau biyu, daga nan sai saƙo, sai kuma labarin zazzaɓin da ya ɗauke shi. Can aka rufe shi. Wani mutumin garinmu ya kawo jakarsa, a ciki akwai riguna biyu, da ƙaramin rediyo, da tsohon katinsa na shaida. Mata suka cika gidan da kuka. Inna tana zaune tana miƙa wa masu ta'aziyya ruwa, ko hawaye ba ta bari an gani ba, don ko a mutuwa ɗan fari ɗan fari ne. Na ji haushinta a ranar, kuma na daɗe ina jin haushin.

Bayan shekara biyu idonta ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya tafi, takan yi karo da turmi a tsakar gidan da ta yi shekara arba'in tana sharewa. Na kai ta asibiti. Likita ya ce wannan ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da magani na ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin amma ba zai tsayar da shi ba.

A lokacin ina Konni, ina da ɗan shago kusa da tasha inda nake buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, takardar haya, rahoton ma'aikatan da aka turo daga wasu jihohi suna ƙyamar tsohon tafiretan buro, wato ofis. Wannan a farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da mai kwamfuta a layinmu ni kaɗai ne, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Na saye ta a hannun wani jandarma da aka yi wa canjin wurin aiki, ita da injin buga takarda da sikana, wato gilashin da ake kifa takarda a kai ya ɗauki hotonta ya shigar cikin kwamfuta. Irin kwamfutar nan ce ta kamfani da ake haɗowa gaba ɗaya a rufe, akwati fari ɗan siriri, an yi ta don buro mai sanyi a wata ƙasa. Matata har mayafi ta saƙa mata mai furanni, irin wanda ake rufa wa talabijin.

Wata rana na je gida lokacin cirar albasa. Da la'asar kowa ya tafi lambu, sai Inna ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe kwanon da ke can ƙasan jerenta, ta warware wani ƙyalle, ta miƙo mini katin yayana ba tare da ta dube shi ba.

"Auta, an ce min injin nan naka shina maida ƙaramin abu babba."

Na ce, "Yana yi, Inna."

"To. Wanga abu ya yi min ƙanƙane." Ta gyara bakin ƙyallen. "Ni wancan ƙeyarshi nis sani, da tahiyarshi. Ko cikin kasuwa ina gane shi ta baya. Amma ban taɓa tsayawa nid dube shi ba. Kak ka ba kowa shi riƙa. Kai ɗai."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kansa. Sai a lokacin na gane abin da take nema. So take ta zauna ita kaɗai a ɗakinta, ba idon kowa, ta kalli fuskar ɗanta son ranta tun idon bai rufe ba. Haushin da na riƙe mata shekara biyu ya fita daga raina a nan take, kunya ta maye gurbinsa. Na ce mata sati ɗaya ya ishe ni.

Hoton bai fi babban yatsa ba. Zufa ta shige shi ta bar rawaya-rawaya, kuma hatimin buro ya hau rabin fuskar, shuɗin tawada ya ratsa ido ɗaya ya sauka har kunci. Na kifa shi a sikana, na ɗauka da ƙaramin ma'auni, na faɗaɗa, na buga a kan takarda guda. Fuska ta fito, babba, cike da takardar. Ta ɗan yi dishi-dishi, hatimin kuma yana nan a kan ido, amma duk wanda ya san shi zai ce shi ne. Na dube ta na yi tsaki. Ni da na yi lakwal, ni da nake da kwamfuta, in kai wa uwata ɗanta da tambarin gwamnati a fuska kamar buhun siminti? Na yaga takardar na jefa a kwando. Na ƙudura sai na ɗauki hoton da babban ma'auni, na goge hatimin ɗigo-ɗigo, na gyara idon, sannan ta gani.

A nan kwamfutar ta nuna mini iyakarta. Da na ɗauki hoton da babban ma'auni sai ta shaƙe. In na matsa linzami, ɗan abin da ake ja da hannu a nuna wuri a allo, sai in tashi in sha ruwa in dawo kafin ta amsa. Wani malamin lissafi da ke zuwa buga jarrabawa ya duba ya ce mazubin aikinta ne ya yi kaɗan, abin da ake kira ram, wani ɗan falle kore mai haƙoran zinariya da ake cusawa a ciki. Ya ce sai an ƙara mata wani. Cuta ta biyu kuma zafi. Bazara ta shigo, shagon rufin kwano ne, da hantsi ya yi sai fankar cikinta ta kama kuka, can sai allon ya yi baƙi ɗif ba sallama, duk abin da na goge ya tafi. Na cire mayafin da matata ta saƙa, ta yi kwana biyu tana fushi, bai hana komai ba.

Sati ɗaya ya zama uku. Na koma gida hannu biyu. Inna ba ta tambaye ni ba, ni na fara kawo hujja, ina yi mata bayanin ram da fanka kamar wadda ta nemi darasi.

Ta ce, "Kawo shi hakanan yadda shike. Ni ba kyawo ni ka nema ba."

Na ce, "Haba Inna, da hatimi a ido? Ki bari in gama."

"To in zahi ad damuwarshi, ku jiƙa buhu ku ruhe mai mana, awa bido."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Kowa a ƙasarmu ya san wannan dabara: a ɗinke bido, wato jarkar ruwa, da buhun algarara, a jiƙa, a rataye a inuwa inda iska ke bi, ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Direbobi na rataye ta a jikin mota, masu lambu na rataye ta a reshe. Na ce mata wannan inji ne na Turawa, ba ruwan sha ba ne. Ta ce to, ku kuka yi boko. Da zan fita na lura ta miƙa hannu tana laluben ƙofar kafin ta raka ni, abin da ba ta yi a zuwana na baya.

Na hau kabu-kabu na tsallaka iyaka, na shiga mota zuwa Sakkwato. A wata rumfa ta masu kayan lantarki na ce a ba ni ram. Mai rumfar ya tambaye ni wace iri, na ce ta kwamfuta mana, cikin muryar wanda ya sani. Ya miƙo, na dawo. Da na kwance akwatin na zo cusawa sai ta ƙi zama. Ramin da ke cikin injina yana da ƙaya biyu, fallen da na sayo tsaga ɗaya gare shi. Na juya shi, na danna, na zage shi, na zagi mai rumfar da ke can wata ƙasa bai ji ba. Sai da na sake wani sati kafin na koma, wannan karon da tsohuwar ram ɗin a aljihu cikin takarda. Mutumin ya dube ta ya ce ai irin ta da ce, ba ta nan, sai an tambayo Kano. Ya ce in dawo bayan kwana goma. Na dawo bayan kwana goma, ya ce in ƙara biyar.

Da ta samu, na haɗa da sabuwar fanka babba, mai ƙarfe a ƙasanta mai tsaga-tsaga irin na matsefi. Ita ce ake ɗorawa a kan furosesa, ɗan murabba'in nan da ke yin duk lissafin kwamfuta, wanda kuma shi ne ke yin zafin. A mota na rungume ledar a ƙirji har Konni.

Maƙwabcin shagona wani dattijo ne mai gyaran rediyo, sa'an mahaifina, ya fi shekara talatin yana sana'ar. Baba nake ce masa. Ranar da zan yi aikin ya jawo kujerarsa ya zauna a bakin ƙofata yana kallo, ni kuwa daɗi ya kama ni don na sami ɗan kallo. Ram ta shiga ƙwas, ƙugiyoyin gefe suka rufe da kansu. Na ɓalle tsohuwar fanka. A ƙarƙashinta, a kan furosesan, na ga wani abu toka-toka ya bushe ya manne, kamar ƙanzon tukunya. Na ce, to ga abin da ke shaƙe ta, dauɗar shekaru. Na ɗauko reza.

Baba ya ce, "Ɗana, dakata. Wanga ba dauɗa ba ta. Mai na. Muna sa irinshi bayan ƙarhen amfilifaya, shi ka jan zahi shi miƙa ma ƙarhe. In ka kankare sai ka sa sabo. Ina da ɗan saura cikin kwali."

Na ce, "Baba, wannan fa ba rediyo ba ne."

Ban tsaya nan ba, don bakina ba ya tsayawa inda ya kamata. Na ce masa kowa ya tsaya a kan abin da ya koya, kada a kawo mini dabarar gyaran akwatin batir a kan inji mai ƙwaƙwalwa. Akwai mutum biyu a shagon suna jiran takardunsu, suka yi dariya. Baba ya miƙe. Ya ɗauki kujerarsa ya koma rumfarsa, ya ƙara ƙarar rediyon da yake gyara.

Na kankare abin tas, na goge da ƙyalle har furosesan yana ƙyalli. Na zo ɗora sabuwar fanka sai ƙafafunta suka ƙi haɗuwa da ramukan. Kwamfutar kamfani haka take, komai nata an yanka shi daidai jikinta, ba ta karɓar na waje. Fankar ma ta fi akwatin tsayi, murfin ya ƙi rufuwa. Na ɗaure ta da waya ta kusurwa huɗu, na ja iya ƙarfina, na bar gefen akwatin a buɗe.

Na kunna. Wallahi minti na farko ban taɓa jin daɗi irin nasa ba. Hoton ya buɗe nan da nan, linzami na gudu, na faɗaɗa idon yayana har ya cika allo, ina ganin kowane ɗigon tawada. Na fara gogewa. Ban kai minti biyar ba allon ya yi baƙi. A da takan yi rabin awa kafin ta mutu. Na jira ta huce, na kunna, ta sake mutuwa. Na taɓa ƙarfen sabuwar fankar na ji shi da ɗumi kawai, alhali ƙasansa kamar garwashi. Zafin ba ya hawa. Ko ba a gaya mini ba na san abin da na kankare da reza shi ne gadar.

Tsakanin ƙofata da rumfar Baba taku shida ne. Man yana cikin kwalinsa, shi da bakinsa ya faɗa. Abin da ya rage kawai in je in durƙusa in ce Baba na yi kuskure. Na yi kwana huɗu ina wuce shi da safe, in ce ina kwana, ya ce lahiya lau, in shige. Na sha tsara maganar a raina, in na zo bakin rumfar sai in ga akwai mutane, in ce sai an watse. In an watse kuma sai in ce gobe. Har yau in na tuna kwanakin nan huɗu sai in ji na tsani kaina.

A rana ta biyar saƙo ya zo daga gida ta bakin wani direba, cewa Inna ta zuba fura a ƙasa tana tsammanin ƙwarya na wurin. Na rufe ƙofar shago da tsakar rana don kada kowa ya gani. Na samo buhun algarara wurin masu albasa, na tsoma shi a bokiti, na matse, na rataye a bayan kujera daidai buɗaɗɗen gefen akwatin, na kunna fankar tsaye tana hura iska ta cikinsa. Dabarar da na yi wa dariya ita na koma wa a ɓoye.

Abin haushi, ta yi aiki. Minti biyar ya koma kusan ashirin. Na koyi adana aiki bayan kowane ɗan gogewa. Kwana uku ina haka, ƙofa a rufe, zufa na zuba, masu takardu na ƙwanƙwasawa ina shiru. Hatimin ya bar kunci, ya bar hanci, ya bar goshi. Na wanke rawayar zufa. Fuskar ta fito fes, har ɗan tabon da ke haɓarsa na faɗuwa daga amalanke, wanda ni kaina na manta da shi. Saura ido ɗaya. Shi ne mai wuya, don tawadar ta cinye shi, sai na kwaikwayo daga ɗayan.

Rana ta huɗu zafi ya yi zafi, buhun na bushewa kafin in zauna. Na ce me zai hana in matso da shi. Na tsoma shi, ban matse sosai ba don ya daɗe, na shimfiɗa shi a kan akwatin kansa, gefe ɗaya na lilo, daidai yadda ake yi wa jarka. Na zauna na kama idon. Ina cikin jan gira na ji wani ɗan tas, kamar an taka busasshen kara, sai wari. Hayaƙi siriri ya fito ta bayan akwatin, inda wayar wuta ke shiga. Ruwan ya bi ta ramukan iska ya ɗiga ciki.

Na zare waya, na zauna ina kallon buhun yana ɗiga a kan siminti. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Warin ne ya kawo Baba, ya tura ƙofar ya shigo. Ya dubi buhun, ya dubi fankar da na ɗaure da waya, ya dube ni. Na jira ya rama, ina ma ya rama. Sai ya koma rumfarsa ya ɗauko abin awonsa, ya durƙusa da tsufansa yana taɓa nan yana taɓa can.

Ya ce, "Ta tahi, ɗana. Babban allon cikin akwatin, wanda komi ke jone da shi, ya ƙone. Faifan da ka aje aikinka ma ban ga alamar rai gare shi ba." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Da ka zo ka amshi man nan. Na aje ma shi tun rannan."

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Na ɗauki babban allon na kai Sakkwato, aka ce irin na kamfani ne, ba a samun sa, wani kuma ba zai zauna a akwatin ba. Na kai faifan wurin mutum biyu, kowa ya jona ya girgiza kai. Damina ta sauka, hanyar garinmu ta yanke kamar yadda take yi, ni kuma na ji daɗin samun hujja. Duk wanda zai je gida sai in ce ya gaya wa Inna ana nan ana yi. Ban iya zuwa in ce mata na ƙone injin ba, balle in ce da buhu, don na san za ta ce ita ta jawo. Katin yana cikin aljihuna kullum. Ta ce kada in ba kowa ya riƙe, na fake da wannan ma, alhali abin da ya hana ni shi ne kada a ce mai kwamfutar Konni ya kai aiki wurin wani.

Sai bayan an yanke gero na karya alkawarin. Na kai katin wani shagon hoto a Sakkwato, na tsaya a kan mai shagon don kada katin ya bar idona. Injinsa babba ne, ɗakin da sanyi. Kafin in gama shan ruwan da aka ba ni ya goge hatimin, ya gyara idon, ya buga a takarda mai ƙyalli. Aikin da ya ci mini wata shida bai kai masa awa ɗaya ba. Ya tambaye ni ko a sa masa furanni a gefe, na ce a'a.

Na isa gida da hantsi. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, fuskarta na fuskantar rana. Na yi sallama, ta juyo wajen muryata amma idonta ya wuce ni kaɗan, ya sauka a kan rumbu. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce na kawo.

Ta ce, "Shiga da ni ciki."

Na kama hannunta, na zaunar da ita a bakin gado inda hasken ƙofa ke faɗowa, na sa mata hoton a hannu. Ta ce in fita in ja labule. Na fita na tsaya a jikin bango. Awaki na ta kai-kawo a tsakar gida, maƙwabta na sussuka. Daga ciki ba na jin komai sai ɗan motsin takarda. An daɗe. Sannan ta kira ni.

Na same ta ta kai hoton dab da fuskarta, har yana taɓa hancinta, ta karkata kai tana neman wani ɗan gefe na idon da ya rage. Bayan takardar take kallo, farin.

"Auta, wane gehe na huskar?"

Na karɓa na juya mata. Ta shafa da tafin hannu daga sama har ƙasa, ta sake shafawa. Takardar santsi ce, ba abin da yatsa zai ji. Ta matsa da ita wajen haske, ta dawo da ita, ta ɗaga sama. Ina tsaye ina tuna waccan ta farko da na yaga, mai dishi-dishi da hatimi a ido. A lokacin tana iya zura zare a allura in ta fita rana.

Na ce, "Inna, laifina ne. Tun bazara..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ba ta taɓa son dogon bayanina ba.

"Bari wannan. Kai da kag gane shi, gaya min. Da wa shike kama?"

Na dubi hoton. Ban taɓa yi wa kaina tambayar ba, ni da na yi kwanaki ina bin fuskar ɗigo-ɗigo. Goshin ne, da yadda gira ta hau, da ɗan faɗin hanci. Duk suna gabana sau biyu, ɗaya a takarda, ɗaya a bakin gado.

Na ce, "Da ke, Inna. Ke ce sak."

Ta sake shafa takardar. Sannan ta ce, "Ashe."

Ta laluba ta jawo ƙyallen nan, ta naɗe hoton tare da katin, ta miƙo mini ta ce in sa a kwanon ƙasa in mayar da jeren yadda yake. Na sa, na jera kwanonin ɗaya bisa ɗaya. Ta yi shekara uku a duniya bayan haka, kuma ba ta sake cewa a ɗauko mata shi ba.